Kaset Ɗin da Na Shafe

Ƙaho nake busawa a lokacin, irin na tagulla mai maɓalli uku. A ƙasar Larabawa nake zaune, sauran kwanaki ina tuƙa motar wani gida a unguwar Mohandessin, ranar Juma'a bayan la'asar kuma mu haɗu a wani ɗaki a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, saman shagon gyaran takalma. Mu shida ne. Kiɗan da muke yi ana ce masa ska. Jita ba ta sauka tare da ganga, sai ta faɗo a tsakanin bugu biyu, shi ya sa mai ji ba ya iya zama wuri ɗaya. Mawaƙinmu Bahaushen Sudan ne, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Yakan fara baiti da Hausa ya ƙarasa da Larabci.

Sau ɗaya muka taɓa ɗaukar waƙoƙinmu, guda tara, a kaset ɗaya. Yaya ya ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na gindin kaset don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai, ya ba ni ajiya, don ni ne ba na yawan sauya gida. An ce za a kwafa, ba a kwafa ba. Mai ganga ya tafi neman aiki wata ƙasa, mai jita ya yi aure, abin ya mutu.

Bayan nan na fara zama da ɗaliban ilimi 'yan ƙasarmu da suka zo karatu. Ni a firamare na tsaya, ina son su ɗauke ni nasu. Al'adarsu ce kowa ya ɗauki darasin malami a kaset ya maimaita a ɗaki. Wata rana ba ni da sabon kaset. Na ɗauko namu, na cusa takarda a ramukan haƙoran nan biyu, na danna maɓallin ɗauka. Babu wanda ya sa ni. Ban ji komai ba sa'ad da nake yi, kuma na ci abincina.

Bara 'yar Yaya ta kira ni. Ta girma, tana aiki a unguwar Dokki, ita ma tana busa ƙaho. Ta ce ska ya dawo, matasa na cika ɗakuna, suna tambayar waɗanda suka fara yi da Hausa. Mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi. Muryarsa ta dā babu ita ko'ina sai a wurina.

Na ce mata zan duba. Wata huɗu ina cewa zan duba.

Ranar da na je gidansu da azahar, Yaya na kan kujera, an ɗora masa hannun hagu a kan filo. Ya kalli hannuna, babu komai.

"Direba," ya ce a hankali, "ka tsufa."

"Kai ma, Yaya."

"Ni da dalili. Ina kaset?"

Na riga na shirya cewa ya ɓace wajen ƙaura. Sai na ji bakina ya faɗi gaskiya, har da takardar da na cusa. 'Yarsa ta ajiye faranti, ta tsaya.

Ya daɗe kafin ya haɗa magana. "Darasin me?"

"Hukuncin ruwan alwala."

"Ka iya?"

"Sau ɗaya na saurara."

Ya rufe ido. Na jira zagi, bai zo ba. Na ce ya yafe mini. Ko ma'alish, "ba komai" ɗin Larabawa, bai ce ba, fanka kawai ke juyawa.

"Khalas, ya isa haka, Baffa," in ji 'yar, ta miƙo mini ƙahonta. "Busa abin da ya rage a kanka."

Shekaru ban taɓa ƙaho ba, leɓena ya mutu. Iska ce ta fara fita, sannan sauti. Ta kunna wayarta tana ɗauka. In na yi daidai Yaya ya buga hannun dama a gwiwa, in na kauce ya tsaya. Wasu kalmomin ya fitar da su ɗaya-ɗaya, tana rubutawa.

Waƙoƙi uku muka samo kafin la'asar. Ta huɗu na san farkonta, shi ya san akwai maganar jirgin ƙasa a ciki, daga nan babu. Sauran ko sunansu ba mu tuna ba.

Ukun nan take yi yanzu da mutanenta, da muryar wani. Ta gayyace ni sau biyu, ban je ba. Ina zuwa gaida Yaya duk Juma'a. Yana amsa sallama, yana barin in zauna.