Jazuli Da Askin Juma'a

Wata rana Yaya Suwaiba ta kira ƙanenta Jazuli daga Zariya, ta shaida masa cewa mantuwar mahaifinsu ta wuce ta tsufa.

Sunayen maƙwabta sun fita daga kansa. Ko jiya sai da ya tambayi jikarsa 'yar gidan wa ce. Likita kuma ya ce abin gaba zai yi ta yi. Ta roƙe shi ya zo ya zauna da tsohon tun yana gane fuska.

Jazuli ya ce in sha Allahu Juma'a mai zuwa.

Da ma al'adarsu ce. Duk Juma'a shi ke tasowa daga Kaduna ya yi wa Baba aski, ya yanke masa farce kafin masallaci. Baba ba ya yarda kowa ya taɓa kansa sai shi.

Aikin Jazuli rubuta shafukan bayani na wata manhajar kwamfuta, inda mai amfani da ita ke dubawa ya ga umarnin da zai rubuta.

To a lokacin wata fitina ce ta taso masa, a kan ɗan layin nan na kwance da ake sawa a rubutu, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ni da ku ɗaya muke ganinsa. Su masu aikin kwamfuta a wajensu uku ne: karan ɗori mai haɗa kalmomi, da dogon mai raba zance, da alamar ɗebewa da ake sawa a cikin umarni. A ido kamar an tsaga kara. Amma in aka sa wani a gurbin wani, mutum zai kwafi umarni daga shafin ya liƙa, kwamfuta ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Mutane suka yi ta kawo ƙorafi. Jazuli ya sa kwamfuta ta canza layukan a lokaci guda, sai ta yi masa gyaran gangar Abzinawa, ta ɓata har waɗanda suke daidai. Dole ya koma bin shafukan da ido, layi bayan layi.

A yi masa adalci, ba aikin banza ba ne.

Sai dai shi irin mutanen nan ne da in suka ga abu a karkace, ko abinci ba ya yi musu daɗi. Wani abokin aikinsa ya ce a bar sauran sai nan gaba, duniya ba za ta tashi ba. Jazuli ya ɓata yini yana rubuta masa amsa har ya ci gardamar.

Juma'a ta zo ta wuce. Wata ma ta bi bayanta.

Abin na damunsa, ba wai ba ya damunsa ba. Amma kullum sai ya ce wa kansa Zariya ai nan kusa ce, kuma saura kaɗan ya gama. Can gida kuwa duk sanda Baba ya tambaye shi, sai Suwaiba ta ce aiki ne ya riƙe shi.

Da aiki ya kammala, shafuka suka fito tsaf, ya ɗauki kayan aski ya kama hanya da farin cikinsa.

Ya tarar da Baba a kan tabarma a tsakar gida. Furfura ta taru ta cika kai, farce sun yi zaƙo-zaƙo.

Ya durƙusa ya gaishe shi. Baba ya amsa da fara'a, ya tambaye shi mutanen gida, ya ce wa Suwaiba ta kawo wa baƙo ruwa.

Jazuli ya daure ya buɗe jaka ya fito da aska. Sai Baba ya ɗora hannu ya kare kansa.

"Baba, ni ne fa. Jazuli ne."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi murmushi.

"Allah sarki, sunan ɗana gare ka. Yana Kaduna, aiki ya riƙe shi. Mayar da askarka, ɗan samari, shi nake jira."

Suwaiba ta juya ta shige ɗaki. Jazuli ya zauna a wurin da aska a hannu yana kuka, Baba kuma yana ba shi haƙuri, yana tambayarsa ko rasuwa aka yi masa.

Har yanzu duk Juma'a yana zuwa. Baba na yi masa maraba, ya sa a shimfiɗa masa tabarma, sannan ya tambaye shi ko ya ga Jazuli a hanya.

Darasi:

Kuskuren da ke cikin shafi zai jira ka, ko baɗi ka dawo za ka same shi inda ka bar shi. Iyaye ba sa jira haka. Kuma ba mutuwa kaɗai ke raba ka da su ba, wani yana zaune a gabanka amma ya riga ya yi maka nisa.

In naka suna raye kuma suna gane muryarka, ajiye abin da ke hannunka ka je.

Ka tura wa wanda ka san kullum bakinsa "sai na gama". Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.