Amsar da Na Ba Kawu

Kwana goma sha ɗaya ne tsakanin rasuwar mijina da ta kawunsa, kuma su ne suka raba ni da ɗakuna biyun da nake ciki da 'ya'yana mata uku a Kubwa.

Kawu ne ya riƙe mijina tun yana ƙarami, ɗan ƙanwarsa ne. Da yake ba ya cikin magada, sai tsohon ya rubuta wasiyya a gaban shaidu cewa ɗakuna biyun da ke can ƙuryar gidan na mijina ne. Har tsokanata yake yi: "'Yar nan, share gidanki da kyau, ni baƙonki ne."

Ranar da tirela ta murƙushe motar da mijina ke ciki a hanyar Nyanya, Kawu yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, amma hankalinsa garau. Babban ɗansa ya tara mu a ƙofar gida.

"Don Allah kada wanda ya gaya wa Baba. Likita ya ce jininsa ya hau sosai, ba zai ɗauka ba."

Haka aka saba, ba a kai wa majinyaci labarin mutuwa. Aka karɓi gaisuwa a gidan maƙwabta. Ni kuwa ina cikin takaba, sai in wanke fuska, in kai masa kunu, in ce an tura mijina aiki Lakwaja.

A kwana na takwas ya tsare ni da ido.

"Gaya min gaskiya, yaron nan lafiya yake? In da wani abu, a kira min liman in gyara takarda."

"Lafiya lau, Kawu. Yana gaishe ka."

Bayan sadakar bakwai ɗin Kawu, malamin rabon gado ya karanta takardar, ya naɗe ta a hankali.

"Wanda aka yi wa wasiyya, in ya riga mai wasiyyar rasuwa, to ta faɗi. Ɗakunan sun koma cikin gado."

"Malam, 'ya'yansa fa?"

"Sunansu ba ya ciki, baiwar Allah. Sai dai in magada sun ga dama."

Magada tara ne, kowa da inda ke masa ƙaiƙayi, sun kuma yanke a sayar da gidan. Na durƙusa wa kowannensu, har waɗanda na goya a bayana. Babban ya ce shi ya yafe, amma ba zai tilasta wa sauran ba. Malamai uku na bi da kukana, amsa ɗaya. Na zaga unguwar Durumi neman ɗaki ko na langa-langa ne, abin ya fi ƙarfina. Mai sayen gidan ya ba mu zuwa ƙarshen wata, kuma wallahi ban san inda zan kai yaran nan ba.

Na so in tsani wani, in samu sauƙi. Na duba ko'ina, ban samu kowa ba. Tsohon nan da bakinsa ya tambaye ni, liman yana nan bayan katanga, ni kuma na ce masa mijina yana gaishe shi.