Kawu Bukar Ya Ce Lafiya Lau

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Bukar, ƙanin mahaifiyata, amma har yau ina ganin kujerar nan. Ita na fara lura da ita da muka shiga asibitin unguwarmu a Ajilari: an ajiye ta tana ba ƙofa baya. Tun fashewar bam ɗin da ta rutsa da shi kusa da kasuwa, Kawu bai ƙara zama ƙofa tana bayansa ba. Ya zauna a gefen kujerar, wuyansa a karkace yana waiwayen ƙofa.

Kawu babban mutum ne mai gemu, sai dai fahimtarsa tana da jinkiri tun yarinta. Yana tura kurar ruwa, ya san gidan kowa. Ranar an zo tantance waɗanda firgicin rikici ya zauna musu a rai, Mama ta ce in raka shi. Shekarata goma sha biyu.

Nas ɗin tana da kirki. Ta duba takardarta ta ce, "Malam Bukar, kana samun barci?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Kana yawan firgita?"

"Lafiya lau, Hajiya."

Haka Kaka ta koya masa: in babba ya tambaye ka, kada ka kai ƙara. Ni kuwa na san ya daina bin layin da ake ajiye keke. Na san in murfin tukunya ya faɗi, sai ya shige bayan randa ya toshe kunnuwa. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, kunya ta mayar da ita. Nas ta yi alama a takarda, ta sallame mu. Bayan wata biyar tayar wata mota ta fashe a bakin titi, Kawu ya saki kura ya ruga tsakiyar hanya, wata motar ta buge shi, ajalinsa ke nan.

Yanzu na ji an kawo katuna masu zanen fuska, wata tana murmushi, wata tana kuka, mutum ya nuna wadda ta yi kama da zuciyarsa. Nakan tambayi kaina wacce Kawu zai nuna. Ina tsoron mai murmushin zai ɗauka, don ta fi kyau, don kuma kada ran Hajiya ya ɓaci.

Kurarsa tana hannun wani. Abin da ya bar mini shi ne ido: ba na iya daina lura da mutane. Maƙwabciyarmu Ya Falmata irinsa ce wajen jinkirin fahimta, kuma tun da suka gudo daga ƙauye take kwana da takalmi a ƙafa. Gobe za a kai ta tantancewa.

Ɗazu na sami Mama tana tankaɗe. Na ce, "Mama, ki bar ni in bi su Ya Falmata gobe, ko da zan rasa darasin safe. Ki zo ke ma. In kin ga na yi shiru, ki ce da nas ɗin ta tambaye ni."