Wayar da Nake Matsarwa a Bayan Kawu

Injin waldar kawuna naɗin gida ne, ba lamba, ba agogo. Notuna ne jere a gabansa, in kana son ƙarin wuta ka ɗaura waya a na sama, in falle ne mara kauri irin na ƙofa ka sauko ƙasa. Kawu da ido yake zaɓa. Yana ɗiga wuta, ya ga yadda ƙarfe ke narkewa, ya san inda wayar za ta zauna. Shi ya koya mini sana'ar a rumfarsa da ke Gusau, har na yi aure na tara iyali ina gefensa.

Sai idon ya fara tafiya, abin da walda ke yi wa masu ita ke nan. Na lura yana barin wayar a notin ƙasa ko da ƙarfe mai kauri ne a gabansa. Ɗinkin waldar ya hau sama ya kwanta, kyau kamar gaske, amma bai shiga ciki ba.

Wa zai kalli mutumin da ya rene shi ya ce masa ba ya gani? Ni dai ban iya ba. Dabara na samo. Da ya juya neman guduma, ko ya tashi alwala, sai in matsar da wayar sama. Aiki ya fito da ƙarfi, manoman Bunguɗu da Tsafe suna ta yabon hannun tsoho, shi kuma yana shafa gemu. Har daɗi nake ji, wai ni mai rufin asiri.

Wata rana da na je Tsafe kafa ƙofa, wani manomi daga Ruwan Bore, tsohon abokin Kawu, ya kawo garmar shanunsa da ta tsage. Kawu ya ɗinke ta shi kaɗai. Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa na huɗa, garmar ta ɓalle a kunyar farko. Kafin mutumin ya samu aron wata, danshin ya wuce.

Ya dawo da ita a babur, ya ajiye gaban rumfa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya yi faɗa ya fi mini sauƙi.

"Malam, wanga aikinka na kuwa?" ya ce.

Kawu ya shafa karayar da yatsa, ya lallaba har gaban injin, ya taɓa wayar. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya juyo wajena.

"Kai ka matsa ta kullum?"

Na sunkuyar da kai.

"Mi ya hana ka hwaɗa min? Da na sani, ai da na ce ya jira ka."

Na ji tsoron kunyata shi mu biyu a ɗaka, na bari ya kunyata a bakin titi, gonar wani kuma ta yi latti.

Tun ranar bai sake riƙe walda ba. Yana zuwa da safe, ya zauna a benci, in aka kawo aiki ya nuna ni da baki. Kwanan baya aka kawo bakin garma, na so in faranta masa, na ce, "Kawu, a wane noti zan sa?"

Bai ko dube ni ba.

"Ka sani," ya ce. "Kada ka sake lallashina."