Wayar Gwaggo da Sirrin Ɗalibarta

Gwaggona, yayar mahaifina, ta daɗe tana koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a gidanta da ke Hayin Banki. Amma karatun rabin aikin ne. In an tashi, sai ka ga wata tana jan jiki wajen naɗe tabarma har sauran su fita, sannan ta matso ta rage murya. Da wayoyi suka yawaita, irin waɗannan maganganu sai suka koma saƙon murya.

Wata Asabar na biya in gaishe ta, na tarar ranta a ɓace. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ta miƙo mini waya.

"Duba min nan, ɗan nan. Ni da jikoki, ake min tallar maganin haihuwa?"

Na kusa yin dariya, na ga fuskarta na haɗiye. Ashe wata ɗalibarta ce ta kawo mata kukan rashin haihuwa, ta roƙe ta kada kowa ya ji. Gwaggo ta shiga intanet tana neman irin likitan da ya kamata a gani. Tun daga ranar tallace-tallacen suka dame ta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, matar ɗanta ta karɓi wayar za ta sayo mata data, ta gani, har ta fara lissafa ɗaliban da ba su taɓa haihuwa ba tana cankar ko wace ce.

"Kuma ɗan'uwanka ya sa min wannan abin mai hoton makulli," in ji ta. "Ya ce da shi ba mai ganina."

VPN ne, irin na kyauta. Na gyara zama na yi mata bayani iya sanina. Na ce in ta kunna shi, kamfanin layinta ba zai ga shafukan da take shiga ba, amma ya san wayarta na kunne, ya san unguwar da take.

"To wa yake gani?"

"Masu VPN ɗin, Gwaggo. Ta hannunsu komai yake bi."

"Su wane ne?"

Na ce wallahi ban san su ba.

"Tallar fa?"

Na ce wannan daban ne. Ta yi binciken tana cikin asusunta na intanet mai ɗauke da sunanta, don haka shafin ya gane ta, da makulli ko babu.

Ta juya wayar a hannu. Can ta ce, "Ashe niƙabi na sa, na kuma rataya sunana a ƙirji."

Na ɗauka za ta ce ta haƙura da intanet gaba ɗaya, kamar yadda tsofaffi da yawa kan yi. Ina! Tabarau ta ɗauko, ta ce in koya mata. Muka cire VPN ɗin na kyauta, na sa mata wanda na fi natsuwa da shi, bayan ta sa na karanta mata sharuɗɗansu ina fassarawa. Na nuna mata yadda ake bincike ba tare da shiga asusu ba. Ba ta yarda in taɓa mata ba. Ni faɗa, ita danna. In ta yi kuskure sai ta ce, "Sake daga farko," kamar yadda take ce wa mai hadda. Lambar kulle wayar ma, sai da ta sa na juya baya sannan ta zaɓa.

Washegari ta tara ɗalibanta ta ce musu magana mai nauyi a kawo ta baki da baki, wadda kuma aka turo ta waya za ta goge da zarar ta saurara. Matar ɗanta kuwa ta kira ta ɗaki, ban san me suka ce ba, amma canke-canken ya tsaya.

Daga baya na sha ganinta a bakin titin Kawo da safe tana tsayar da keken haya mai ƙafa uku, ita kaɗai. Ashe can gaba take ɗaukar ɗalibar tata su wuce asibiti, don kada unguwa ta gan su tare. Na taɓa tambayarta ko an dace.

"Ka yi mata addu'a kawai," ta ce. "Allah ya san wadda kake nufi."