Safiyar da serber ta ƙi tafinta

Cikin dukan shekarun da na yi ina gyaran ordinater, wato kwamfuta, a Agadas, safiyar da serber ɗinmu ta ƙi tashi ce ba ta fita raina ba. Damina ta ƙi a shekarar, sojoji kuma na bisa mulki. Buronmu, wato ofishinmu, ke raba wa makiyaya dusa, kuma ba a buɗe magaza, ɗakin ajiyar dusar, sai na'ura ta fitar wa mutum tikiti.

Serber ita ce uwar ordinater, wadda sauran ke ɗiban bayani wajenta. Shirin ordinater da ke fitar da tikitin rabon, wani kamfanin waje ya sayar mana, ya yi shi don ya yi aiki bisa nasa tsarin tafiyar da ordinater kaɗai, wanda sai an biya kuɗi. Mu kuwa tsarin kyauta gare mu. Sai na sa wani ƙaramin shiri a tsakani, muna ce masa tafinta, yana juya wa kowa maganar ɗan'uwansa. Aiki na tafiya sumul, har kamfanin ya aiko sabon zubi. Muna sawa, komai ya tsaya cik, tsohon zubin kuma ya daina karanta bayananmu.

Na kira wakilinsu a Yamai, Komandan da ke kula da rabon na tsaye a kaina.

"Ba lalacewa ta yi ba," in ji wakilin. "In ta ga tafinta, kulle kanta take. Ku sayi lasisin serber ɗinmu."

Na ce, "Amma ku ma kuna da naku tafintan, mai karɓar shirye-shiryen kyauta cikin tsarinku."

"Bon, wancan na masu shigowa ne. Wa ke buɗe wa mai saye ƙofar fita?"

Komandan, wanda kalma ɗaya tasa ke rufe kasuwa, ya zauna ya rubuta roƙo zuwa ga wakilin kamfanin a Yamai kamar kowa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A tsakar gida akwai Baba Agali, wani dattijo daga Ingal da shanunsa suka soma kwanciya don yunwa. Ya ce, "Ɗana, mi ya hana?" Na ce mai na'urar ne ya kulle ta.

"Dusar tashi ta?"

"A'a, Baba."

"Mu can, wanda ya gina rijiya, shi ka fara sha. Amma ba ya hana baƙo shayarwa, ko da gaba tsakaninsu."

Na koma ciki wajen serber. Kafin Yamai ta sa hannu a kunna, yawancin mutane sun gaji sun koma daji. Baba Agali ya dawo daga baya, na miƙa masa tikitinsa da murna. Ya riƙe shi jim, ya mayar mini.

"Ba wani. Masu ci sun ƙare."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan: in aka kawo muku shiri, kada ku tsaya ga tambayar me yake iyawa. Ku tambayi me aka hana shi yi da gangan, da kuma wanda zai tsaya a rana in ya ƙi.