Gammon Tiyo da Gammon Ƙarfe

Akwai wata Juma'a da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. A idon mutanen da ke wurin ba wani babban abu ba ne ya faru, domin bayan mun tafi ma an ci gaba da wasa. Amma ni a ranar na karya ƙafar ƙanina ba tare da na taɓa shi ba, kuma sai da na yi shekara biyu kafin bakina ya iya faɗin haka.

Ni mai walda ne. A Jidda aka haife ni, kakanmu ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Karatuna bai yi nisa ba, tun ina saurayi na shiga warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Karantina. Ba ƙofofi da tagogi kaɗai nake yi ba. Abin da aka fi sanina da shi shi ne ƙananan kayan gida: ƙafa mai taya ta tura tukunyar gas, maratayin kwanuka, mazaunin tulun ruwa, kujerar wanka ta tsofaffi. Idan mace ta kawo ƙorafi a kan wani abu na ɗakin girkinta, in zauna in yi tunani, in fito mata da gyara. Alfaharina guda ne a lokacin, duk abin da ya fito daga hannuna ba ya karyewa kuma ba ya motsi daga inda aka ajiye shi. Abu in ba ƙarfe ba ne, ban ɗauke shi aiki ba.

Da aka rushe unguwar, muka koma wani gidan sama a Madain Fahd, ni da matata. Ƙanina shi ma ya samu wuri kusa da mu da iyalinsa. Na girme shi da shekara ashirin, kuma ni na riƙe shi bayan rasuwar mahaifinmu, saboda haka yaya yake ce mini amma kallon uba yake yi mini. Direba ne, yana tuƙa motar kai kayan ɗaki ta kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama. Ranar Juma'a kuwa bayan la'asar shi ne gola a ƙungiyar abokansa, manyan mutane masu 'ya'ya, waɗanda suka taso suna buga ƙwallo tare tun suna yara.

A tsohon filinsu na Karantina yashi ne. Idan gola zai buga ƙwallo daga raga, sai ya tattara yashi da hannu ya yi ɗan tsibi, ya ɗora ta a kai, ƙafa ta samu hanyar shiga ƙarƙashinta ta tashi sama. Haka ƙanina ya saba shekara da shekaru. To, sabon filin da suke haya na ciyawar roba ne, babu yashin tattarawa. Bugunsa ya lalace. Ƙwallon sai ta riƙa bin ƙasa, abokai suna yi masa tsiya.

Wata rana yana cin abinci a gidanmu ya kawo maganar, yana dariya. Matata tana jinsa daga ɗakin girki, sai ta leƙo ta ce, "To ka yi mata gammo mana."

Ita dama tana da nata gammon. Da muka tare a gidan saman, maƙwabtan ƙasa suka yi ƙorafin ƙarar turminta. Sai ta yanko tsohon tiyon ruwa, ta naɗe shi zagaye irin gammon da ake ɗorawa a kai, ta ɗaure da zare, ta zaunar da turmin a kansa. Ƙorafi ya ƙare. A ranar ta yanka masa ƙarami, naɗi biyu, daidai zaman ƙwallo. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Wallahi Anti, idan wannan ya yi aiki na ɗora ki kocin ƙungiya."

Ya yi aiki kuwa. Ba a gasa suke ba balle a hana, tsakaninsu ne kawai. Sati biyu yana zuwa yana yabonsa. Matsala ɗaya ya ambata, ita ma cikin raha: duk bugun da ya yi sai gammon ya tashi tare da ƙwallon ya faɗi can gefe, sai ya bi shi ya ɗauko, abokai suna ce masa ya manta da zoben matarsa.

Wannan maganar ce ta tsaya mini. Yanzu da nake da lokacin zama in duba zuciyata, na san abu biyu ne suka haɗu. Na farko, na ji kunya a ce ƙanin mai walda yana yawo da guntun tiyo ana yi masa dariya. Na biyu, wanda ya fi muni, na ji haushi a ce an kawo matsala gidana an warware ta ban sa hannu ba. A lokacin ban kira shi haushi ba, gyara na kira shi. Na ce abin yana da aibi, yana tashi, ni kuwa aikina ke nan, hana abu motsi.

Kwana biyu na yi a kansa a warshar wani abokina da nake aiki a ciki bayan rasa tawa. Na yanko farantin ƙarfe mai kauri na yi gindi. Na lanƙwasa rodi na yi zobe, na ɗaga shi a kan gajerun ƙafafu uku kamar murhu. A ƙarƙashin farantin na dasa ƙananan ƙusoshi don su kama ciyawar. Na goge shi tas, na shafa masa koren fenti. Gaskiya ya yi kyau, har yau ban ga laifin waldar ba.

Da na kawo shi gida matata ta ɗaga shi da hannu biyu, ta ajiye. Ta ce, "Maigida, wannan na ɗora tukunya ne ko na ƙwallo?"

Na ce, "Na ƙwallo ne. Wannan ko jikokinsa sa yi amfani da shi."

Ta ce, "To idan ƙafarsa ta kuskure ƙwallon fa?"

Na ce, "Shekara talatin yana bugawa, yau ne zai kuskure? Ke dai ki tsaya a kan turminki."

Tambayar da ta yi ita ce tambayar da ya kamata in fara yi wa kaina kafin in kunna wuta, amma saboda daga ɗakin girki ta fito, ban saurare ta ba.

Da a ce na aika masa da shi ne kawai, na tabbata da ya yi godiya ya jefa shi bayan mota ya ci gaba da tiyonsa. Sai ban yi haka ba. Ni da ban taɓa zuwa kallon wasansu ba, ranar Juma'ar na sa farar rigata na bi shi filin da abin a leda. Ina so in ga aikina yana aiki, kuma ina so a gan ni.

Na miƙa masa a gaban abokansa. Ya karɓa, hannunsa ya ɗan yi ƙasa saboda nauyi. Ya ce, "Yaya, wannan ai ya fi ƙwallon nauyi sau goma."

Wani daga cikinsu ya ce, "Masha Allah, yau gola ya zo da murhu. Shayi za a dafa mana a raga?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce, "Ku dai ku zuba ido. Wannan ba ya tashi." Na ga ƙanina ya dubi jakarsa inda gammon tiyon yake leƙowa, sannan ya dube ni. Ya ce, "Halas, shi ke nan, yalla mu fara." Ya tafi raga da nawa.

Na tsaya a bayan ragar, jikin waya. Bugu na farko ya ja baya kaɗan, ya taɓa ƙwallon daga sama-sama, ta tafi tana bin ƙasa. Na biyu ma haka. Ashe kaffa-kaffa yake yi, yana kare ƙafarsa, ni kuwa gani nake yana ɓata mini aiki a gaban mutane. Da ya ɗora ta karo na uku sai na ɗaga murya na ce, "Kai, shiga ƙarƙashinta mana! Buga da ƙarfi, ba ƙwai ba ne!"

Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Ya ƙara ja da baya, ya taho da gudu, ya saki ƙafa iya ƙarfinsa.

Ƙarar da na ji na san ta, irin ta guduma ce idan ta sauka a kan ƙarfen da aka ɗaure da kyau. Ƙwallon ta gangara taku kaɗan ta tsaya. Shi kuma ya zauna a ƙasa, ya riƙe takalminsa da hannu biyu, bai yi ihu ba. Abin da idona ya fara kai wa gare shi, kuma wannan ina jin nauyin rubuta shi, ba ƙanina ba ne. Ƙarfen na duba. Yana nan daram inda aka ajiye shi, ko gezau bai yi ba. Ya yi daidai abin da na ƙera shi ya yi.

A asibiti hoto ya nuna ƙasusuwa biyu sun karye a bayan ƙafar dama. Likita ya tambaye shi me ya buga. Ya ce, "Ƙarfe ne a fili, ban lura da shi ba." Ina tsaye a gefen gadon, ban gyara masa maganar ba.

Ƙafar dama ita ce ta birki da totur, ita ce abincin direba. Aka ɗaure ta aka ce wata biyu ba tuƙi. Kafilinsa ya jira sati uku, kaya suna taruwa, sannan ya ba wani motar. Ban ga laifinsa ba. Ga shi iƙamar ƙanina, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta kusa ƙarewa, kuma kowa a nan ya san mutum mai iyali idan ba aiki a hannunsa lokacin sabunta takarda, barci ba ya yi masa daɗi. Watannin nan na ga yadda ya rame. Daga baya Allah ya sa kafilin ya mayar da shi sito yana kula da shige da ficen kaya, aka sabunta takardar. Aikin bai kai na da ba. Ƙashin kuma bai haɗe daidai ba, har yau idan ya daɗe a tsaye sai ka ga yana ɗingishi. Bai sake tsayawa a raga ba.

Ni kuwa na yi duk abin da yaya yake yi. Na kai shi asibiti, na dawo da shi, na yi cefanen gidansa. Duk wanda ya zo dubiya ya tambaya, sai in ce ƙaddara ce, tsautsayi ne. Na faɗi kalmar nan har ta zama kamar gaskiya a kunnena. Ƙaddara ce mana, amma ƙaddarar da na zauna kwana biyu ina yi mata walda da fenti.

Matata ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Abokan wasan sun aiko da ƙarfen zuwa gidana, sai ta wanke shi ta ajiye a ɗakin girki, tana sauke tukunya mai zafi a kansa. Kullum ina ganinsa. Wata rana, wajen shekara biyu bayan abin, ta sauke tukunyar shinkafa a kai, na ce, "Ashe dai yana da amfani." Ta ce, "Yana da shi sosai. Ai tukunya ba a harbinta da ƙafa." Ba da faɗa ta faɗa ba, ko kallona ba ta yi ba. A nan tsaye na gane abin da ya kamata in gane tun farko. Tashin da gammonta yake yi, wanda na kira aibi na ɓata kwana biyu ina gyarawa, shi ne dukan hikimar abin. Yana kauce wa ƙafa ne. Ni na zo na cire kaucewar, na bar ƙafar ita kaɗai da ƙarfe.

Washegari da hantsi na je sito wurinsa. Ya jawo mini kujera, ya aika a kawo shayi. Na daɗe ina juya kofin kafin na ce, "Ƙafar nan taka ni na karya ta. Ka yafe mini."

Ya ce, "Haba Yaya, wace magana ce wannan? Ai ya wuce."

Na ce, "Bai wuce ba. Tambaya ɗaya nake so ka amsa mini. Da ka ɗaga shi, ba ka ga hatsarinsa ba?"

Ya yi murmushi, ya dubi ƙafar. Ya ce, "Tun da ya sauka a hannuna na san in na sake jiki zai same ni."

Na ce, "To don me ka buga?"

Ya ce, "Kana tsaye a wurin, Yaya. Ka sa farar riga ka zo. In ɗauko tiyo a gabanka?"

Na zo ne da shirin neman gafarar laifi ɗaya, na tarar biyu ne. Ƙarfen da na ƙera bai san kaucewa ba, ni ma da na tsaya a bayan ragar ban bar wa ƙanina hanyar kaucewa ba. Girman da yake ba ni na yi amfani da shi na tura ƙafarsa inda hankalinsa ya hana shi.

Yanzu ƙarfina ya ragu, aikin da nake yi kaɗan ne. Amma duk abin da zan ƙera, ko maratayin tawul ne, sai na fara tambayar kaina abin da matata ta tambaya: idan mai amfani da shi ya kuskure fa, wa zai ji ciwo, shi ko abin? Idan amsar mutum ce, in sake tunani. Kujerun wankan tsofaffi da nake yi yanzu duk da tiyo nake naɗe gefensu, kuma idan an yaba ina faɗin wadda ta koya mini. Abin da Juma'ar nan ta bar mini ke nan: ba duk abin da ya ƙi motsi ba ne mai kyau, kuma idan ka ba na ƙasa da kai abu, ka matsa gefe ka ba shi wurin da zai iya cewa a'a.